Ranar da Aka Kashe Mijina a Lasifika

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da wani babban ɗan siyasa ya zo Kafanchan neman shugabancin jam'iyyarsu na jiha ba, ranar da ya ɗaga ɗana sama ya yi jawabi da shi. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji ana gwada lasifika daga nesa, sai in shige ɗaki in rufe ƙofa. Ba zan kira sunan kowa ba. Waɗanda suka san labarin sun san mutanen, waɗanda ba su sani ba kuma suna ba zai ƙara musu komai ba. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, daga firamare sai aure, don haka ku yi haƙuri da yadda zan faɗe shi.

Kafin wannan rana, damuwata ɗaya ce tak: damtsen ɗana. Bomboi muke ce masa. Yana da shekara ɗaya da 'yan watanni ƙyanda ta kama shi, da ta tashi ta bar shi kamar tsinken tsintsiya. Ni kuma nonona ya ƙafe. A asibitin unguwarmu akwai wata 'yar igiya mai launi uku da nas ke naɗa wa yara a damtse. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa sai addu'a. Igiyar Bomboi a ja take tsayawa. Na koma kullum da safe ina zagaye damtsensa da yatsu biyu, ina cewa Yesu, ka ƙara masa ko da kaurin zare ne. Na dama kunun gyaɗa ya tofar. Na yi gwaten acca ya kau da kai. Madarar gwangwani ta fi ƙarfinmu, domin maigidana acaɓa yake yi, kuma ran da muka daure muka saya, zawo ta sa shi.

Ana cikin haka Allah ya haɗa ni da Inna. Bafulatana ce mai tallan nono, dattijuwa, doguwa, daga wata ruga can bayan Madakiya. Ta ƙofar gidanmu take bi zuwa kasuwa. Wata rana ta ji kukan yaron, irin kukan da ba ƙarfi a cikinsa, ta sauke ƙwaryarta ta leƙo.

"Kawo shi nan, 'yata," in ji ta. Ta latsa ƙafarsa, ta duba idonsa. "Wannan ba mayu ba ne, yunwa ce. Gobe zan kawo sabuwar tatsa. Ki tafasa sosai, ki dama masa kunun acca da ita."

Washegari ta zo da madara a 'yar gora, da sauran ɗuminta. Bomboi ya sha. Na tsaya ina kallon maƙogwaronsa yana motsi, ina kuka kamar mahaukaciya. Tun daga nan kullum sai ta tsaya. Tun daga bakin titi za ka ji muryarta: "Ina angona? Rago, har yanzu bai yi ƙarfin biyan sadakina ba?" Yaron da ko ni ba ya yi wa dariya, sai ya miƙa mata hannu yana jan 'yan kunnenta. Ranar da ba ni da abin ba ta, takan ce in bari, ango ba ya sayen abincin amaryarsa. In ruwa ya tsare ta, maigidana ya ɗora ta a babur ya kai ta har mararraba. A hankali igiyar nas ta bar ja ta shiga rawaya. Nas ta ce, "Madam, duk abin da kike ba shi, kada ki daina."

A tsakanin nan surukata ta rasu. Tsohuwa ce, hawan jini ya kwantar da ita, ta tafi a kan gadonta jikokinta na kewaye da ita. A gidan mijina, in babba ya rasu, matan gida duka sukan ɗaura baƙin zane da baƙin ɗankwali, ba a cirewa sai an taru an yi addu'ar cire baƙi. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san haka. In ka ga mace da baƙi, sai ka tambaya wa ya rasu, ba ka yanke wa kanka ba. To, da wannan baƙin zanen nake yawo lokacin da shugabar matan jam'iyya ta unguwarmu ta shigo gidanmu.

"Maman Bomboi, gobe Oga yana zuwa. Muna so fili ya cika maƙil, daliget su gani da idonsu."

Na ce, "Mami, ni me na sani a siyasa? Ga makoki, ga yaro ba lafiya."

"Shi ya sa ma na zo. Da likitoci zai taho, za a duba yara kyauta. Ki zo a yadda kike."

Likita kyauta. Abin da ya fitar da ni ke nan. Ban ma san cewa mu da aka tara ba ma cikin masu zaɓen ba. Sai daga baya aka gaya mini cewa shugaban jam'iyya daliget ɗin nan, wato wakilai, su kaɗai ke zaɓensa a Kaduna, mu ado ne, kamar balan-balan ɗin da aka ɗaura a jikin rumfa.

Filin ya cika tun hantsi. Manyan mutane na cikin rumfa a kan kujeru, mu muna rana. An raba wa mata atamfa mai hoton fuskarsa, kowa ta yafa, ni kaɗai ce baƙa ƙirin a tsakiyarsu, don ba na iya ɗora wani zane a kan na makoki. Na yi ta leƙen inda likitocin suke, ban ga ko akwatin magani ba. Bomboi ya yi laushi a bayana saboda zafi. Ina shirin sulalewa in tafi, sai wani saurayi mai baƙin tabarau, cikin waɗanda suka zo daga Kaduna, ya nuna ni da yatsa. Na ga ya sunkuya ya yi wa shugabar mata magana a kunne. Na ga ta kalle ni, sannan ta gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan har gobe ina ganinsa. Matar da ta ci shinkafar bikina, matar da maigidana ke kai wa 'ya'ya makaranta.

Suka kama hannuna. "Zo, Oga zai ga yaron." Na ɗauka wurin likita za a kai ni, har ina godiya. Sai na tsinci kaina a kan dandamali, jama'a a ƙasa kamar tururuwa.

Mutumin yana cikin jawabi, babbar riga fara fat, gumi na zuba. Yana cewa jam'iyya ta daɗe a hannun waɗanda ba su san zafinmu ba, lokaci ya yi da ɗan gida zai riƙe ta. Sai ya juyo ya gan ni. Ya kwance Bomboi daga bayana da kansa, ƙamshin turarensa har yana hawa mini kai, ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku dubi wannan yaro! Ku dubi haƙarƙarinsa! Ku dubi uwarsa cikin baƙi, yarinya ƙarama! Wa ya mai da ita gwauruwa? Wa ya mai da shi maraya? Makiyaya sun kashe ubansa a gona, kuma su ne muke buɗe wa ƙofa kullum da safe muna sayen nono a hannunsu!"

Filin ya ɗauki ihu. Na ce, "Ranka ya daɗe, mijina yana nan da rai." Na faɗa, Allah ne shaidata, har sau biyu na faɗa. Amma shi ke da lasifika, ni bakina kawai gare ni. Masu ganga suka saki kiɗa. Shugabar mata ta matse mini hannu ta ce, "Yi shiru, alherinki ne." Hawaye suka zubo mini don tsoro da kunya, sai na ga wayoyi sun yi sama, kowa yana ɗaukar gwauruwa tana kuka. Aka miƙo mini ɗana yana tsala ihu, aka haɗa mini da 'yar ledar shinkafa, aka sauko da ni ta baya. Wata tsohuwa da ban sani ba ta rungume ni tana cewa, "Ubangiji shi ne mijin gwauraye, 'yata."

Kafin in isa gida, hoton ya riga ni. Na tarar da maigidana a tsakar gida yana wanke babur, wayarsa tana ta ƙara. Ya ce, "Ke, me ya faru? Yayana ya bugo daga Abuja, da na ɗauka sai ya yi ihu ya kashe." Da na ba shi labari, dariya ya fara yi, har da riƙe ciki. Washegari da sassafe sai ga mahaifiyata daga Nok a bayan babur, ɗankwali a hannu, tana kururuwa tun daga bakin layi. Ta faɗo cikin gida ta ga marigayin a zaune yana cin ɗumamen tuwo. Ta ja da baya ta ce, "Jinin Yesu!" Shi kuma ya ce, "Mama, sannu da zuwa. Bismilla, ko matattu ma suna karyawa." Maƙwabta suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Idona yana kan ƙofa, rana ta ɗaga, Inna ba ta zo ba.

Garin kuwa ya ɗauki maganar kamar wutar kara. A kasuwa, a wurin mai shayi, a rediyo inda ake bugo waya, ba a zancen komai sai jawabin. Wasu na cewa a ƙarshe an sami namijin da ya faɗi gaskiya ba tsoro. Wasu na cewa wanda ke son riƙe jam'iyyar jiha guda bai kamata ya raba mutane da bakinsa ba. Mai kayan miyan da nake saye a wurinsa tun ina amarya, Bahaushe, ya auna mini tattasai bai ɗago ido ba, da na ce ina ƙari sai ya ce, "Je ki wurin wanda ya ɗaga ɗanki." A tashar 'yan acaɓa aka sa wa maigidana suna Marigayi. "Marigayi, ga fasinja!" "Marigayi, yaya lahira, akwai layin mai?" Kowa yana da abin faɗi a kan jawabin. Ba wanda ya tambaya ko yaron da aka ɗaga ya ci abinci.

Abin da ya fi ci mini rai a coci ya faru. Bayan sujada, a taron zumuntar mata, wata 'yar'uwa ta zauna kusa da ni. Ita da gaske an kashe mijinta a gona, shekarun baya, ta rage da yara huɗu tana soya ƙosai. Ba na son kowa ya karanta wannan ya ce na ce ba a kashe mutane a wajenmu. An kashe, mun binne, mun san kaburburan. Ta dube ni ta ce, "Ina filin nan ranar. Ina can baya da atamfarsa a kafaɗa. Ni da aka kashe nawa, ba wanda ya taɓa hawa da ni ko kan benci. Laifina na cire baƙi da wuri." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Sai labari ya zo cewa samari sun tare mararraba, sun kifar da ƙoren matan Fulani, nono ya malale a kwalta, sun ce kada a sake ganinsu a gari. A bakinsu har da cewa suna rama wa gwauruwar nan ne. Ni ke nan. Ni da ke zaune ina dama kunu da ruwa zalla, ɗana yana kau da kai.

Maigidana ya daina dariya. Ya ce mu gyara maganar. Wani maƙwabcinmu ya ɗauke mu a waya, mu biyu da Bomboi, maigidana ya ce ga shi da ransa, baƙin na mahaifiyarsa ne. Hoton ƙarya ya zaga duniya, na gaskiya ko unguwarmu bai gama zagawa ba. 'Yan kaɗan da suka gani suka ce abokin takarar Oga ne ya saye mu. Da yamma wasu samarin jam'iyya suka sami maigidana a tasha. Ɗaya ya dafa kan babur ɗinsa ya ce, "Bros, kana ɓata wa ɗan gida tafiya. Ka daure ka ci gaba da mutuwa har a gama zaɓe, in ya so ka tashi daga kabari kamar Li'azaru." Ya dawo gida ya zauna yana kallon ɗansa.

Da na ga fatar damtsen Bomboi ta fara yin laushi kamar da, na ce a kai ni rugar. Maigidana ya ce hanya ba daɗi yanzu. Na ce in bai kai ni ba da ƙafa zan tafi. Muka bi ta Madakiya, muka saki kwalta muka shiga 'yar hanya tsakanin gonakin citta. Tun daga nesa na hango rugar. Ana kwance bukkoki. An ɗaure tabarmi da ƙore a bayan shanu. Maza suka tsaya suna kallonmu, ba wanda ya amsa sallama.

Inna ta fito daga bayan wata bukka. Akwai tsumma ɗaure a gwiwar hannunta, inda ta faɗi ranar da aka kifar da ƙwaryarta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana kallon baƙin zanena.

"'Yata, ɗana ya nuna mini ke a waya. Na zo in tambaye ki, sai aka hana ni shiga gari. Cikin 'ya'yana wanne ne ya kashe mijinki?"

Na ce, "Inna, ga shi can a kan babur. Kin san shi. Surukata ce ta rasu, ke ma kin zo gaisuwa."

"Na san shi mana. Shi ke kai ni mararraba. Ni na sani, ke kin sani." Ta nuna wayar da ke hannun ɗanta. "Wannan ce ba ta sani ba, kuma ita ake ji."

Na rantse mata na faɗa a kan dandamalin, ba a ji ni ba. Ta ce ta ga bakina yana motsi a hoton, ta san ba amin nake cewa ba. Amma mazansu sun yanke shawara, za su tashi tun kafin abin ya wuce zubar da nono. Sai Bomboi ya ji muryarta, ya leƙo daga bayana, ya miƙa hannu. Ta karɓe shi, ta zagaye damtsensa da yatsunta kamar yadda nake yi. Ba ta kira shi ango ba. Ta yi magana da Fulatanci, wata yarinya ta kawo gora cike da madara.

"Ta yau ce kawai," in ji ta. "Ki tafasa sosai."

Na kawo abin da ke ƙulle a bakin zanena, ta ture hannuna. Muna hawa babur na waiwaya, na ga ta juya baya tana ɗaure kaya. Ban sake ganinta ba. Ban san ma inda suka nufa ba, wasu sun ce Nasarawa, wasu sun ce Bauchi.

Madarar ta ƙare, igiyar nas ta koma ja, har ta wuce inda take a da. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja. Aka kwantar da mu a babban asibiti, aka sa masa roba ta hanci. A gadon da ke kusa da namu wata mata ta gane ni, ta ce wa 'yar'uwarta, "Ai ita ce matar nan ta cikin waya." Na je gidan shugabar mata neman taimako, tunda ta ce alherina ne. Ta ce Oga yana Kaduna, ana shirin zaɓe, ba a samunsa yanzu. Babur ɗin Marigayi muka jinginar muka yi jinya.

Muna asibitin aka yi zaɓen, Oga ya ci. Na ji ana ta hon a titi, ana harba knockout, abin fashewar nan na wasan Kirsimeti, tun lokacinsa bai yi ba. Ba a daɗe ba na gan shi a talabijin ɗin ɗakin jinya, ya sa hular Fulani mai faɗi, yana rungume da shugabannin makiyaya, yana cewa jam'iyya ta kowa ce, 'yan jarida ne suka juya masa magana a Kafanchan. Waɗanda suka yi masa tafi a fili suka sake yi masa tafi, suka ce ai haka siyasa take, dattijo ne mai haɗa kan jama'a. Shi ya shirya da su a ɗaki mai sanyi, an ɗauki hoto. Ni da Inna ba wanda ya shirya mu.

Bomboi ya rayu, godiya ga Ubangiji. Yana firamare yanzu, shi ne mafi ƙanƙanta a ajinsu, kuma nas ta ce da wuya ya kamo tsaransa a tsawo. Yara suna ce masa Maraya, ba su ma san dalili ba, a bakin manya suka tsinta. Ubansa har yau Marigayi ne a tasha, yana amsawa, don ya gaji da faɗa. Duk lokacin zaɓe sai wani ya tono hoton nan ya sake yaɗa shi, in ga kaina ina kuka a wayar mutane, da rubutu a ƙasa wanda ban iya karantawa duka ba. Ran da aka yi addu'ar cire baƙi, sauran matan gida suka ninke nasu suka adana. Ni na ƙona nawa a bayan gida.

Abin da na koya shi ne, babban mutum yakan faɗi magana ya shiga mota ya tafi, maganar kuma ta zauna a unguwa tana cin waɗanda ba su da motar gudu. Shi kujera yake nema, ya samu. Mu da muka yi masa ihu, mu da muka zage shi, duk mun koma kasuwa ɗaya muna hararar juna.

Roƙona gare ku guda biyu ne, ba su da wuya. In kun ga an ɗaga wata mace ko wani yaro a gaban taro ana ba da labarinsu, kafin ku yi tafi, kafin ku tura wa wani, ku nemi matar ku tambaye ta da bakinta wa ya rasu. Sannan in akwai wanda ya san wata dattijuwar Bafulatana, doguwa, mai tabo a gwiwar hannu, wadda ta taɓa zama a bayan Madakiya, don Allah ya gaya mata angonta yana nan da rai, ya shiga makaranta.